Yadda Ake Gyara Harbi da Ƙaramar Bindiga: Kunama, Saiti da Atisaye

Wata safiya cikin Disamba, lokacin da hunturu ya kankama har yatsu suna ƙagewa, na tsaya bayan wani kofur a filin koyon harbi da ke wajen garin Jos. Ya harba harsashi 10 daga nisan mita 15, kuma dukansu suka taru a ƙasan allon ta gefen hagu. Ya juyo yana girgiza kai ya ce, "Oga, wannan bindigar saitinta ya goce." Na karɓe ta na harba 3, suka shiga tsakiya kusa da juna. Ban yi haka don in kunyata shi ba, domin ni ma a shekarata ta farko na yi watanni ina ɗora wa bindiga laifin da ke cikin yatsana, kuma ai laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Abin da na gaya masa a ranar shi ne abin da zan yi bayani a nan: mafi yawan harsashin da ya kauce wa wurin da aka nufa, a wajen danna kunama ya kauce.

Wannan bayani na jami'in tsaro ne da hukuma ta ba shi makami, da kuma ɗan wasan harbi mai lasisi da ke atisaye a filin da aka amince da shi. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a Nijeriya, ta sanya fistol da libarba cikin makaman da ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ita kuwa ƙaramar bindigar iska ta wasanni tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Dalilin da ya sa nake damuwa da wannan fanni kuwa a bayyane yake: jami'in da bai iya saita harbinsa ba haɗari ne ga mai talla da ɗan acaɓa da yaron da ke dawowa daga makaranta, domin harsashin da ya kauce bai san mai laifi ba, kuma duk wanda ya taɓa ratsa cunkoson kasuwar Terminus ta Jos da rana ya san abin da nake nufi.

Kafin hannu ya taɓa ƙarfe, akwai ƙa'idoji huɗu da Kanar Jeff Cooper na Amurka ya yaɗa, waɗanda malaman harbi a ko'ina suke maimaitawa. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba. Yatsanka ya zauna a miƙe a gefen bindiga, wajen zoben kunama, har sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. Sannan ka tabbatar da abin da ka nufa da abin da ke bayansa. Ta huɗun nan tana da nauyi na musamman a Filato, inda ƙasa take cike da duwatsu masu tauri da tsofaffin kududdufan haƙar kuza, domin harsashi yana tsalle a kan dutse kuma yana tsalle a kan ruwa, ya nufi inda ba wanda ya yi zato. Tudun ƙasa mai laushi ake so a bayan allo. Haka nan ba a shiga fili ba tare da tabarau da abin toshe kunne ba, saboda ƙarar fistol mai harsashin milimita 9 tana kaiwa kimanin desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Riƙo da tsayuwa

Ba zan daɗe a kan tsayuwa ba, domin ana yi mata surutun da ya fi ƙarfinta. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka ɗan saki gwiwa, ka karkato ƙirji gaba kaɗan yadda nauyinka zai sauka a gaban tafin ƙafa, sannan ka ɗago bindiga zuwa ga idonka maimakon ka sunkuyar da kai kana nemanta. Wannan ya wadatar.

Riƙo ya fi tsayuwa muhimmanci. Hannun da kake harbi da shi ya hau mariƙin bindiga har can sama, yadda tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya za ta cika lanƙwasar baya ba tare da barin rata ba. Ɗaya hannun ya zo ya rufe gefen mariƙin da ya rage a buɗe, yatsunsa su naɗe a kan yatsun na farko, manyan yatsu biyu kuma su kwanta a gefe suna kallon gaba, ko kusa kada ɗaya ya gitta ta bayan murfin da ke zamewa baya idan an yi harbi, domin na ga yadda yake yanka fata. Hannun taimako shi ya kamata ya fi matsewa. Dalili kuwa shi ne, idan hannun harbi ya matse iyakar ƙarfinsa, manuniya ba za ta iya motsi ita kaɗai ba, sauran yatsu za su bi ta. Wuyan hannu ya kafe, kuma ƙarfin riƙon da ka fara da shi ya zama shi ne har harsashi ya fita.

Kunama

Ga lissafin da nake fara nuna wa kowane ɗalibi. Bindiga ƙirar Glock 17, wadda Gaston Glock na Ostiriya ya fito da ita a farkon shekarun 1980, nauyinta da cikakken gidan harsashi bai wuce kimanin giram 900 ba, amma kunamarta tana buƙatar matsi na kimanin kilo 2.5 kafin ta saki. Wato kana tura abu da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau uku, da yatsa ɗaya, kuma ana so abin ya tsaya cik. A bindigogin da danna kunama ta farko ita ce ke ɗana su, irin su Beretta 92, matsin farko ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Wannan shi ya sa ƙaramar bindiga ta fi doguwa wuyar sarrafawa, domin doguwa tana da nauyi kuma tana jingine da kafaɗa.

Ka ɗora tsakiyar tsokar gaɓar farko ta manuniya a kan kunama, ka bar ɗan fili tsakanin sauran yatsan da jikin bindiga don kada ya riƙa gogarta yana tura ta gefe. Ga mai harbi da dama, idan yatsa bai shiga sosai ba yakan tura bakin bindiga hagu, idan kuma ya shige da yawa yakan jawo shi dama, ko da yake hannu ya bambanta da hannu, kuma ma'aunin gaskiya shi ne wurin da zai ba ka damar jan kunama kai tsaye zuwa baya, tamkar kana jawo ta zuwa tsakiyar ƙirjinka.

Yawancin kunamomi suna da zango biyu. Akwai sako-sako na farko wanda ba ya buƙatar ƙarfi, sannan sai yatsa ya ji ya ci karo da turjiya. Ka ɗauke sako-sakon tun kana daidaita saiti, idan ka isa turjiyar sai ka fara ƙara matsi a hankali ba tare da tsayawa ba, kamar mai matsa ɗigon magani a ido, wanda yake son ɗigo ɗaya ya fito ba tare da kwalbar ta motsa ba. Kada ka zaɓi daƙiƙar da harsashi zai fita. Aikinka ƙara matsi ne kana kallon saiti, bindiga kuma ta tashi a lokacinta. Babban kuskuren da nake gani kullum shi ne mutum ya ga saiti ya gitta tsakiyar allo, sai zuciyarsa ta ce "yanzu", ya fizgi kunama da ƙarfi, sauran yatsunsa su matse tare da manuniya, bakin bindiga ya duƙa ƙasa ta hagu. Abin da ya samu kofur ɗin nan ke nan, ga kuma sanyin da ya busar masa da yatsu har ba ya jin turjiyar kunama. Shi ya sa a lokacin hunturu nake sa ɗalibai su murza hannuwa su cusa su cikin aljihu na ɗan lokaci kafin su hau layi.

Bayan harsashi ya fita aikin bai ƙare ba. Ka bar yatsa a danne, idonka a kan saiti, ka ga yadda ya ɗaga ya dawo wurinsa, sannan ka saki kunama zuwa gaba har ka ji ɗan "ƙas" ɗin da ke nuna ta sake shiri. Wanda yake ɗaga kai nan take don ya ga inda harsashi ya faɗa, sannu a hankali jikinsa zai koyi ɗaga kai kafin harsashin ya fita.

Akwai wata cuta da ta fi fizga wuyar magani, ita ce zabura. Jiki ya san ƙara da shurin bindiga suna tafe, sai ya riga su, ya tura hannu ƙasa ya ƙifta ido, kuma mai yin hakan yakan rantse bai yi ba, saboda shurin yana rufe motsin. Harsashin milimita 9 yana tafiya kimanin mita 350 a daƙiƙa ɗaya, ya bar bututu tun kafin shurin ya ɗaga bindiga sosai, don haka harbin da ya sauka ƙasa motsin da aka yi kafin tashin bindiga ne ya saukar da shi. Maganin da na yi wa kofur ɗin shi ne na cika masa gidan harsashi da kaina yana juya baya, na cusa harsashin bogi guda biyu, irin na atisaye wanda ba ya tashi, a tsakanin na gaske. Da ya kai kan na bogin ya danna kunama, bindiga ba ta tashi ba, amma bakinta ya duƙa ƙasa kamar kaza ta tsinci tsaba. Ya tsaya yana kallon hannunsa, can ya ce, "Oga, ashe ni ne." Gani ya kori ji. Tun daga wannan lokaci bai sake maganar saiti ya goce ba.

Saiti da ido

Saitin ƙarfe kashi biyu ne: tsini a gaba kusa da bakin bindiga, da gurbi mai tsaga a baya. Daidaita su yana nufin kan tsinin ya yi daidai da kafaɗun gurbin, hasken da ke hagu da tsinin ya yi daidai da wanda ke damansa. Idon ɗan Adam ba ya iya fayyace abubuwa uku masu nisa daban-daban a lokaci ɗaya, saboda haka dole a zaɓi ɗaya, kuma wanda ake zaɓa idan ana neman harbi mai kyau shi ne tsinin gaba. Gurbin baya zai ɗan yi dishi-dishi, allon ma zai yi hazo, kuma haka ake so. Ɗalibai sukan ƙi yarda da wannan har sai an yi musu lissafi.

Tazarar da ke tsakanin tsini da gurbi a bindigar aiki kimanin santimita 16 ce. Idan tsinin ya goce daga tsakiyar gurbi da milimita 1 kacal, kaurin da bai fi na farce ba sosai, harsashi zai kauce da kusan santimita 6 a nisan mita 10, da kusan santimita 16 a nisan mita 25. Amma idan bindigar gaba ɗayanta ta gusa gefe da santimita 1 alhali tsini da gurbi suna daidai da juna, harsashin ma santimita 1 zai gusa. A nan ne hankalin mai koyo yake kwanciya. Rawar da hannu yake yi a kan allo ba wanda ya tsira daga gare ta, har zakarun duniya, kuma illarta kaɗan ce. Abin da ke jefa harsashi waje shi ne gocewar tsini a cikin gurbi, wadda fizgar kunama ke haddasawa. Saboda haka ka bar hannu ya yi 'yar rawarsa, ka tsare daidaiton saiti, ka ci gaba da matsa kunama.

Ya kamata ka san idon da ya fi rinjaye a gare ka. Ka miƙa hannuwa ka haɗa su su bar ƙaramar kafa, ka leƙa wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe, sannan ka jawo hannuwan zuwa fuskarka ba tare da abin ya ɓace maka ba. Idon da kafar ta sauka a kansa shi ne mai rinjaye. Idan ya saɓa da hannun da kake harbi da shi, sai ka ɗan karkato bindiga zuwa gabansa. Waɗanda suka haura shekara 40 kuwa, da yawansu tsinin gaba yakan fara yi musu gizo, kuma ina ba su shawarar su je wurin likitan ido su gaya masa nisan da suke son gani sarai, wato tsawon hannu a miƙe, maimakon su yi ta fama da tabaran karatu da suka saya a kasuwa. Sabon saiti mai jan ɗigon haske yana sauƙaƙa wannan matsala, domin da shi allo ake kallo a ɗora ɗigon a kai, sai dai ko kaɗan ba ya gyara yatsan da ke fizga.

Taɓa saiti shi ne abu na ƙarshe. Sai ka ga harsasanka suna taruwa wuri ɗaya a kwanaki daban-daban, kuma wani gwani ya gwada bindigar ya samu sakamako irin naka, sannan a matsar da gurbin baya zuwa gefen da ake so harsashi ya koma. Ga jami'i, wannan aikin mai kula da ma'ajiyar makamai ne.

Numfashi kuwa, ka shaƙa ka fitar, sai ka yi harbi a cikin ɗan tsaikon da ke biyo bayan fitarwa. Idan daƙiƙa 7 ko 8 suka wuce bindiga ba ta tashi ba, ido ya fara gajiya kuma rawar hannu ta ƙaru, to ka cire yatsa daga kunama ka sauke hannu ka sake sabon zubi. Sauke bindiga ba tare da harbi ba yana cikin abubuwan da nake gane gwani da su.

Atisaye

Harsashi yana da tsada kuma ba kullum ake samun shiga fili ba, amma mafi yawan gyaran kunama ba ya buƙatar harsashi ko ɗaya. Atisayen wofi shi ne a danna kunama bindiga babu komai a ciki, a wurin da ƙa'idar aikinka ta yarda. Sharaɗinsa mai tsauri ne: a cire gidan harsashi, a ja murfi baya a duba ɗakin harsashi da ido a taɓa da yatsa, a sake dubawa, a fitar da duk wani harsashi daga ɗakin da ake ciki, sannan a fuskanci bangon da zai iya tare harsashi da a ce an yi kuskure. Idan wani ya katse ka da magana ko waya, ka sake binciken daga farko. Idan kuma ka ce ka gama, to ka gama, domin yawancin harbin kuskure a irin wannan atisaye yakan faru ne ga wanda ya mayar da harsashi sannan ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Wasu bindigogi masu ƙaramin harsashi na .22 suna lalacewa idan ana danna su wofi, sai an sa musu na bogi.

Ka tsaya gab da farin bango wanda babu alamar komai a kansa, bakin bindiga ya rage kamar faɗin yatsu uku ya taɓa shi. Tun da babu abin nufi, idonka ba shi da abin kallo sai tsini. Ka danna kunama kana lura ko tsinin ya motsa a daidai lokacin da ta saki. Idan ka fara samun nasara, sai abokin aiki ya ɗora maka kwanson harsashi ko kwabo a saman bindiga kusa da tsini, ka danna ba tare da ya faɗi ba. Minti 10 a kullum sun fi awa 2 sau ɗaya a wata, kuma da zarar ka ji hankalinka ya fara yawo, ka ajiye, don kada ka koya wa yatsa abin da za ka sha wahalar kankarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar shiga fili, ka fara daga kusa, mita 5, kana neman harsashi 5 su shiga wuri ɗaya wanda tafin hannu zai rufe. Sai hakan ya tabbata sau da yawa sannan ka ja baya zuwa mita 10, daga nan 15, daga nan 25. Bayan kowane harbi, kafin ka dubi allo, ka faɗa wa kanka inda tsini yake lokacin da bindiga ta tashi, ko sama ko ƙasa ko dama, sannan ka duba ko ramin ya gaskata ka. Ranar da hasashenka ya fara dacewa da ramin, ka san idonka ya daina ƙiftawa. Sauri yana zuwa daga baya, kuma yana zuwa da kansa.

Ina ƙarfafa wa duk wanda ya samu dama ya gwada bindigar iska ta wasanni. A gasar mita 10, wadda ta shiga wasannin Olamfik a birnin Seoul a 1988, ana harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 da hannu ɗaya, ƙa'ida ta ce nauyin kunama kada ya gaza giram 500, da'irar maki 10 kuwa faɗinta milimita 11.5 ne, kuma ana yin harbi 60 a zagayen farko. Babu ƙara mai firgitarwa, babu shuri, saboda haka duk kuskuren yatsa yana fitowa fili a kan takarda. Mutane da yawa sun ga hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya a gasar Paris ta 2024, hannu ɗaya a aljihu, babu kayan ido na musamman, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa, sai suka ɗauka baiwa ce kawai, alhali mutumin yana zuwa Olamfik tun 2008. Labarin da na fi ba ɗalibai shi ne na Károly Takács, sojan Hangari wanda gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koma ya koya wa hannun hagu harbi daga tushe, har ya ci zinariya a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Idonsa bai canza ba, sabon yatsa ya horar.

Ka riƙa ajiye takardun da ka harba, ka rubuta kwanan wata da nisa da adadin harsashi da yanayin gari a bayan kowace, domin ƙwaƙwalwa tana tuna harbi mai kyau ta manta da sauran. Bayan an tashi kuma a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci abinci, saboda ƙurar dalma tana manne wa fata. Kofur ɗin nan ya bi wannan tsari, minti 10 a gaban bango kowace safiya a ƙarƙashin idon sajensa, harsashin bogi a cikin na gaske duk ranar fili. Bayan mako 3 ya kawo mini takardarsa ta mita 15 tare da ta ranar farko. A sabuwar, ramuka 8 suna cikin baƙin da'ira, 2 sun ɗan sauka ƙasa ta hagu, kuma kafin in buɗe baki ya ɗora yatsa a kansu ya ce, "Oga, waɗannan biyun na san su, na huɗu ne da na tara."